Ranar da Aka Yi Fiton Rundunar Tudu

A wani daji da ke kwance a bakin wani babban kogi, an yi wata shekara da ruwan sama ya ɗauke da wuri. Tun ciyawa ba ta gama yin ja ba, ƙananan tafkunan cikin dajin suka fara komawa laka, ɗaya bayan ɗaya. Da wannan ne kaɗai, da hankalin kowa bai tashi ba, domin ga kogi nan, ga kuma mashaya mai faɗi da ake kira Mashayar Gawo, inda kaka da kakanni suka sha. Abin da ya dagula al'amarin shi ne kadoji. A tsakiyar kogin, daidai saitin mashayar, akwai wani tsibiri mai suna Tungar Yashi, kuma a wannan shekarar wasu kadoji wajen hamsin suka hauro daga gangare suka sauka a kansa, ba tare da sun yi wa kowa sallama ba. Tun daga nan, duk wanda ya sunkuyar da kai a mashayar, to, ba lallai ne ya ɗago ba.

Dajin yana da runduna biyu. Akwai Rundunar Ruwa, ta dorinai da manyan kifaye. Akwai kuma Rundunar Tudu, wadda yawancinta gyado ne da dabgi da beguwa, wato irin dabbobin da ba a cika tunawa da su ba in ana rabon goron biki. Shugabar Rundunar Tudu wata gyado ce mai suna Tabawa. Ta manyanta, gezarta ta yi furfura, bakin haurenta na hagu ya karye tun wani faɗa da ba ta son bayar da labarinsa. Mayaƙanta, babba da yaro, Inna suke ce mata.

Wata safiya ta raka Baba Nomau, tsohon dabgi kuma shugaban mahaƙa, zuwa Tafkin Kanya, wanda shi kaɗai ya rage da ruwa a cikin dajin. Tsohon ya tona rami kamu biyu a gefen tafkin, ya cusa dogon hancinsa, ya daɗe bai zaro ba.

"Kwana goma sha biyu," in ji shi.

"Baba, ka sake sunsunawa."

"Inna, ko sau ɗari na sunsuna, kwanan ba zai ƙaru ba. In su bauna sun daina shiga suna birgima a ciki, sha uku."

Tabawa ta dubi 'yan barewa da suka jeru a ɗaya gefen suna lasar ruwa mai kauri kamar kunu. Bayan kwana goma sha biyu, ko a sha a kogi ko a mutu. Ta juya.

A nan ya kamata a yi wa Rundunar Ruwa adalci, don kada wani ya ɗauka ragwaye ne. Ba ragwaye ba ne. Sau huɗu suka gwabza da kadoji a cikin watanni biyu, sau huɗu suka rinjaye su. Dorinai sukan tare tsakiya, giwan ruwa su kewayo ta gefe, minjirya su bi ta ƙasa suna taɓa cikin kada har jikinsa ya mutu. In kadoji suka ga wuya, sai su haye Tungar Yashi su kwanta, su buɗe baki suna shan iska. Rundunar Ruwa kuwa sai ta zagaye tsibirin sau uku cikin tsari mai ban sha'awa, a yi shelar nasara, kowa ya koma gida. Kashegari kadoji su gangaro.

Majalisar yaƙi tana zama ne a Gurbi, wato wani wuri mai zurfin gaske da ke tsakanin gaɓa da bayan tsibirin, inda ruwa yake yin baƙi. A wannan majalisa, da zurfi ake auna girma. Ƙananan hafsoshi suna kusa da sama, manya suna ƙasa da su, a can ƙarƙashin kowa kuma Magajin Gurbi, wani tsohon giwan ruwa da babu ɗan tudun da ya taɓa ganin fuskarsa. Duk mayaƙin ruwan da ya zo wucewa ta kan Gurbi, sai ya nutse, ya yi jim, sannan ya taso. Ita ce gaisuwarsu tun zamanin da ba wanda ya tuna. Magana kuwa, wani tarwaɗa mai dogon gashin baki, Sankira Cindo, shi yake ɗauko ta daga ƙasa ya kawo sama, ya ɗauki ta sama ya kai ƙasa.

Kashegari aka aiko kiran Tabawa. Ta zo ta tsaya a gaɓa, ruwa yana taɓa mata kofato. Cindo ya leƙo, ya gyara gashin baki.

"Magajin Gurbi yana gaishe da mutanen tudu da ƙoƙari. Ya ce jibi za a yi bikin nasara ta huɗu. Ana so Rundunar Tudu ta jeru a gaɓa, in dorinai sun zo wucewa ku ɗaga wutsiya sama gaba ɗaya, domin majalisa ta lura kun iya wannan."

"Allah ya ja zamanin Magaji," in ji Tabawa. "Mun ji, kuma za mu ɗaga, ba abu ne mai wuya ba. Amma ina roƙon izini in faɗi abin da muke gani daga nan sama, tunda daga ƙasa ba a ganinsa. Sau huɗu kun kori kada daga ruwa, a kan idona, ba a bakin wani na ji ba. Sau huɗu ya hau Tungar Yashi ya huta. Kifi ba ya hawa tudu. Dorina yana hawa, amma in rana ta take fatarsa tsagewa take yi, dole ya koma. Saboda haka ku kuna da ruwan daga hantsi zuwa la'asar, shi kuma yana da wurin kwana. Shekaranjiya, bayan nasara ta huɗu, an ɗauke wata barewa a Mashayar Gawo, ta bar ɗa bai iya cin ciyawa ba. Ni ban san yaƙin ruwa ba, kuma ban zo koya wa kowa ba. Abin da na sani sawu ne. Kwana tara na yi a gindin gawon nan ina kallon tsibirin. Gaɓarsa yumɓu ce mai tsayi, kada ba ya iya hawa sai ta wuri uku, inda cikinsu ya goge ƙasa har ta yi sulɓi. A haye da mu can lokacin da suka shiga ruwa suna faɗa da ku. Dabgi su haƙa ramuka a saman hanyoyin nan uku. Mu gyado mu shiga da baya, yadda muka saba shiga gidajenmu, haure a waje. Beguwa su cike tsakani. In kun koro su, su tarar babu wurin hawa. Ku riƙe ruwa, mu riƙe ƙasa. Kwana goma sha ɗaya suka rage mana, ranka ya daɗe. Iyakar maganata ke nan."

Cindo ya dube ta kamar wadda ta ba shi kayan da suka fi ƙarfinsa, sannan ya nutse. Ta jira har inuwar gawo ta juya, ba a ga komai ba sai kumfa. Aka ce ta dawo gobe. Gobe aka ce jibi, jibi kuwa biki ne, Rundunar Tudu ta jeru ta ɗaga wutsiya. Sai a rana ta huɗu Cindo ya taso da amsa.

"Majalisa ta yi dogon nazari. Ta gano cewa tsibiri, tunda ruwa ya kewaye shi ta kowane gefe, ruwa ne. Don haka duk abin da aka yi a kansa, yaƙin ruwa ne. Ba a hana Rundunar Tudu zuwa kallo daga kusa ba, kuma an umarci Sarkin Fito ya kai ta. In tana can ta ga damar yin tono, majalisa ta bincika, ba ta da dokar da ta hana tono."

"Mun gode," in ji Tabawa. Baba Nomau, da ke bayanta, ya yi tari mai ɗan tsawo.

Sarkin Fito wani ƙaton dorina ne mai suna Anaruwa. Tsakanin dorina da gyado kuwa akwai wasan taubasai, ba su haɗuwa a rabu ba a tsokani juna ba.

"Taubashiya, an ce in goye ki," in ji shi da ya iso gaɓa. "Sai ki wanke ƙafa tukuna."

"Kai da kake kwana a laka? Ka dai shimfiɗa bayan nan sosai. Ban saba hawa jakin da ba shi da wuya ba."

"Jakin nan shi zai kai ki inda kakanki bai taɓa takawa ba. Ku nawa ne?"

Suka zauna, shi a ruwa ita a tudu, suka tsara komai. Dorina goma, zuwa biyu. Zuwan farko dabgi goma sha biyu da gyado takwas, don a fara haƙa da wuri. Zuwa na biyu gyado ashirin da beguwa ashirin. Suka yi magana a kan yadda beguwa za su kwantar da ƙayarsu, da yadda dabgi za su naɗe farce don kada su yage wa wani baya, har da inda kowa zai sa ƙafa. Hanya kuwa guda ce, ta kan Gurbi zuwa bayan tsibirin, domin ta sama duwatsu ne, ta ƙasa kuma nan za a yi faɗan. Abu ɗaya ne ba su yi maganarsa ba, kuma ba don sun raina shi ba. Shi ya saba da shi har ya daina ganinsa, ita kuma ta saba kallonsa daga nesa.

Da hantsin ranar da aka sa, kadoji suka gama ɗumama jiki suka sulale cikin ruwa, Rundunar Ruwa ta tare su a ƙasan tsibirin. Daga gaɓa ana jin gurnanin dorinai da bugun wutsiya. Tabawa ta hau bayan Anaruwa, ta dubi jerin mayaƙanta, bibbiyu a kan kowane dorina, babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce masa ƙirji, amma babu wanda ya waiwaya.

Baba Nomau yana kan dorinan da ke kusa da ita, ya tattara ƙafafunsa wuri guda.

"Inna," in ji shi, "ni fa ban taɓa tsayawa a kan ƙasar da take numfashi ba."

"Ka yi haƙuri, Baba, kada dai ka ce za ka tona ta."

Mayaƙa suka yi dariya. Ana cikin dariyar ruwa ya fara duhu a ƙarƙashinsu. Tabawa ta ga kunnuwan Anaruwa sun kwanta, ta ga hancinsa ya rufe, kafin ta gane abin da take gani, ƙasar da take tsaye a kai ta tafi. Dorina goma suka nutse tare, a lokaci guda, babu wanda ya riga wani. Manyan da ke ƙasa sun ce ba a taɓa yin gaisuwa mai kyan wannan ba.

Ruwa ya shiga wa Tabawa hanci da kunne. Ta yi ta shure-shure, ta taso, ta sake komawa, sai ta ji wani faffaɗan baya ya tokare ta daga ƙasa ya ɗaga ta. Ko'ina kawuna ne da tari. Dorinai, da suka farga, suka shiga tsamo na kusa da su, wasu mayaƙan kuma suka kama iyon da ba wanda ya koya musu. Can gangare ta hango dogayen kunnuwa biyu a saman ruwa. Ta gan su sau ɗaya, ta sake ganinsu, daga nan ba ta ƙara ganinsu ba.

Da suka taka yashin bayan tsibirin ta ƙirga. Dabgi goma sha ɗaya, gyado bakwai. Babu Baba Nomau, babu wani gyado mai suna Jatau. Mahaƙa suka tsaya suna rawar sanyi, suna kallon kogi.

"Ku dube ni nan," in ji ta. "Baba ya nuna muku yadda za a yi, ko bai nuna ba?"

"Ya nuna, Inna."

"To, rami tara a saman kowace hanya, bakin ramin ya kalli ruwa. Kuka yana nan, za mu yi shi, ni zan fara. Yanzu ku je."

Suka tafi. Sannan ta juyo ga Anaruwa, wanda ke tsaye a ruwa iya ƙirji, ya kasa haɗa ido da ita. Babu wanda ya tuna da wasa a cikinsu.

"Ban yi tunani ba," in ji shi. "Wallahi ba tunani ake yi ba. In ka zo kan Gurbi, wuyanka ne yake sunkuyawa da kansa."

"Na sani. Ni ma shekara nawa ina kallonku daga gaɓa kuna yi, ban taɓa tambayar kaina abin da zai sami wanda yake bisa ba. Laifin namu ne mu biyu, za mu raba shi daga baya. Akwai mutum arba'in suna jiranka a gaɓa."

"Hanyar dai ita ce."

"Ita ce."

Ruwa yana zuba daga gefen bakin Anaruwa.

"Tabawa, wanda ya wuce Gurbi bai yi gaisuwa ba, a ranar ake tuɓe shi. Shekara goma sha huɗu na yi kafin a ba ni wurin zama inda ruwa yake rufe mini kunne. Ubana ya mutu bai samu ba."

"Ba zan ce maka wurin ba komai ba ne, tunda ban taɓa zama a cikinsa ba. Abin da na sani zan faɗa maka. Mu bakwai ba za mu toshe hanya uku ba. Beguwa in ta faɗa ruwa ba ta da ƙafar da za ta ja kanta, kogi zai kai ta tsakiyar kadoji. In za ka nutse da su, bar su a gaɓa, ka dawo ka kwashe mu, mu koma mu jira Tafkin Kanya ya ƙare. Ba zan yi fushi da kai ba. In kuwa za ka kawo su, to, ka kawo su."

Ya juya, sauran tara suka bi shi.

Tabawa ta hau tudun da ya fi tsayi a tsibirin. Ta hagu tana ganin mahaƙa, jar ƙasa tana tashi a bayansu. Ta gaba tana ganin faɗan, kuma ko a cikin wannan hali ta yarda abin kallo ne. Giwan ruwa suna juyawa tare kamar jiki ɗaya, wani dorina ya ɗaga kada sama ya yar, ruwa ya yi fari ya yi ja. Ta baya kuma ta ga dorinan fito sun isa kan Gurbi babu kowa a bayansu, sun nutse, sun taso, sun wuce. Ta ce a ranta wannan ba komai, baya babu kaya. Amma ba ta ɗauke ido daga kansu ba.

Aka ɗan jima, ta hango su sun taso daga gaɓa, kowane baya da mutum huɗu, gyado biyu beguwa biyu. Anaruwa ne a gaba. Suna tafe a hankali, ruwa yana sauya launi a gabansu daga ruwan ƙasa zuwa baƙi. Daga inda take, ko ta yi kira ba za a ji ba, don haka ba ta yi ba.

Da hancin Anaruwa ya shiga baƙin ruwa, kunnuwansa suka kwanta. Kansa ya yi ƙasa har ruwa ya taɓa masa ido. Beguwar da ke kan wuyansa ta miƙar da ƙayarta gaba ɗaya. Sai kan ya tsaya a nan. Ya yi rawa kamar mai ɗauke da dutse, sannan ya ɗago, kunnuwan suka miƙe, ya yi wani huci da aka ji har tsibirin. Na biyu ya dubi na farko, bai nutse ba. Na uku ya dubi na biyu. Na bakwai ya ɗan lotsa har ruwa ya jiƙa wa fasinjojinsa ciki, na takwas ya zungure shi da hanci ya taso.

Cindo ya faso ruwa a gefensu, gashin bakinsa a tsaye.

"Gaisuwa, Sarkin Fito. Ana kallonka daga ƙasa."

"Ka ce musu ina gaisuwa," in ji Anaruwa, bai rage tafiya ba. "Hannuna da kaya."

Arba'in suka hau, arba'in suka sauka. Tabawa ta gangaro ta ƙirga su da kanta, sau biyu.

"Taubashi," in ji ta, "ashe jakin yana da wuya."

"Yana ciwo kuwa. Je ki yi aikinki."

Kafin rana ta take, ramuka ashirin da bakwai sun kammala. Gyado suka juya suka shiga da baya, tara a saman kowace hanya, ba a ganin komai nasu sai haure da ido. Beguwa suka juya wa kogi baya suka cike tsakani. Dabgi suka koma baya suna tara ƙasa don gyara duk inda ya rufta. Tabawa ta ɗauki ramin tsakiya na hanyar tsakiya.

Bayan azahar kadoji suka gaji, suka nufo gida yadda suka saba. Na farko ya hauro yana jan ciki, idonsa rabi a rufe, bai tsammaci kowa ba. Tabawa ta bar shi ya kawo haɓarsa bakin ramin, sannan ta fito da ƙarfinta duka ta sa masa haure a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda fata take da laushi. Ya wuntsila ya koma, ya tafi da biyu da ke bayansa. Sulɓin da cikinsu ya yi wa hanyar, yau su ya ci. Wanda ya yi ƙoƙarin ratsawa ta tsakanin ramuka ya koma da hanci cike da ƙaya. Wanda ya koma ruwa kuma, minjirya suna jiransa.

Sau shida suka hauro a ranar. A hawa na huɗu wani babba ya kama wani gyado a hanyar gabas ya ja shi, aka ga ramin babu kowa. Kafin Tabawa ta buɗe baki, wani dabgi, wanda aikinsa tono ne ba faɗa ba, ya juya ya shiga ramin da baya, ya fito da farce waje. Ba a koya masa ba, gani ya yi.

Kashegari ma haka. Ba su ci ba, sai saiwoyin da mahaƙa suka tono. Ruwa yana gabansu taku goma, babu damar sha. Rundunar Ruwa, a wannan karon, ba ta sami lokacin zagaye tsibiri ba, domin abokan gaba sun ƙi fita daga ruwa a bar ta ta yi shela. Dole ta ci gaba da faɗa, kuma ta yi shi yadda ya kamata. A safiya ta uku Tabawa ta leƙo daga raminta ta ga bayan kadoji a jere, sun bi gangare, babu mai waiwaye. Ta jira har na ƙarshe ya sha kwana. Sannan ta fito, ta tsaya a kan yumɓun, ta yi kukan da ta yi alkawari, mahaƙa suka taya ta.

Majalisa ta zauna a ranar, kuma ba ta ɓata lokaci ba. Aka yi shelar nasara ta biyar. Aka yaba wa dorinan fito saboda gaisuwar zuwan farko. Aka tuɓe Anaruwa saboda ta zuwa na biyu, aka ce daga yau wurin zamansa bakin gaɓa, inda ruwa ba ya wuce gwiwa. Batun dawo da masu kallo daga tsibirin kuwa ba ya cikin abin da aka tattauna, don haka Anaruwa ne ya zo da kansa, shi kaɗai, ya yi ta jigila har la'asar. A kan Gurbi bai ko lotsa ba. Ya ce ya tambaya, an gaya masa ba a karɓar gaisuwar wanda ba shi da muƙami.

Tabawa ce ta ƙarshe da ya haye da ita.

"Ka yi nadama?" ta tambaye shi a tsakiyar ruwa.

"Jiya na yi. Yau bayana ne yake ciwo, bai bar ni na ji komai ba. Ke wai me kike ci ne?"

Da suka iso Mashayar Gawo, dajin duka yana can. Labari ya riga su. Bauna da gwanki da barewa sun cika gaɓa, amma babu wanda ya sa baki a ruwa tukuna, kowa yana jiran wani ya fara. Da Rundunar Tudu ta taho, jikinta duk jar ƙasa, wasu suna ɗingishi, sai taron ya dare biyu ya ba ta hanya, ba tare da wani ya ce a yi ba. Tabawa ta wuce gaba. Ta isa bakin ruwa, ta lanƙwasa ƙafafunta na gaba, ta sa gwiwa a laka, ta sunkuyar da kai ta sha. Ta sha har ta ƙoshi, ta ɗago. Mayaƙanta suka jeru a gefenta suka yi yadda ta yi. Sai ga ɗan barewar nan maraya ya kutso tsakanin beguwa biyu ya tsoma baki, daga nan kowa ya matso.

Cindo, da ya leƙo daga nesa, ya ga gyado wajen ashirin da shida gwiwa a ƙasa, fuska ga kogi. Ya nutse da sauri ya kai labari, ya dawo da murya mai ƙarfi.

"Magajin Gurbi ya ga yadda Rundunar Tudu ta durƙusa tana godiya ga Rundunar Ruwa. Ya ce an karɓa. Ya ce wannan ladabi abin koyi ne ga wasu."

Anaruwa, daga sabon wurin zamansa, ya dubi Tabawa. Tabawa ta share ruwan bakinta a kan ciyawa, ta ce Allah ya ja zamanin Magaji.

Har yau babu wanda ya nutsa ya gaya wa majalisa cewa gyado, ko ciyawa zai ci, sai ya durƙusa.